Rubutun da mai saye ba ya gani: me metadata ke yi wa shafin kasuwanci?

Cikin 'yan shekarun nan kamfanin Google ya yi sauye-sauyen da suka rikita masu shafukan kasuwanci a intanet. A watan Agustan 2021 ya sanar da sabon tsarin da ke sauya taken da mai shafi ya rubuta da hannunsa, ya sa wanda yake ganin ya fi dacewa a sakamakon bincike. A Agustan 2023 ya daina nuna jerin tambayoyi da amsoshi a ƙarƙashin sunayen yawancin shafuka, ya bar wa manyan shafukan gwamnati da na kiwon lafiya, bayan kamfanoni da dama sun kashe kuɗi da lokaci wajen shirya su. A Mayun 2024 kuma ya fara ɗora amsoshin ƙirƙirarriyar basira a saman sakamakon bincike, da farko a Amurka, daga baya a ƙasashe masu yawa.

Tun daga nan magana ta rabu biyu. Wasu na cewa zamanin metadata, wato bayanan ɓoye da ke gaya wa na'ura abin da shafi ya ƙunsa, ya wuce, tunda yanzu na'ura na iya karanta shafi ta gane abin da ke ciki ba tare da an yi mata bayani ba. Wasu kuma, musamman masu sana'ar ɗaga shafuka a injin bincike da ake kira SEO, suna tallata ta a matsayin abin da zai kai shafi sahun gaba. Ɗan kasuwar da ya biya aka gina masa shafi yana tsaye a tsakiya, bai san ko ya ƙara zuba kuɗi ko ya haƙura ba. Asalin ruɗanin shi ne an tara abubuwa daban-daban ƙarƙashin suna ɗaya, alhali wasu sun daina aiki tun tuni, wasu kuma shafi ba zai tsaya ba sai da su.

Mece ce metadata?

Metadata bayani ne a kan wani bayani. Idan aka ɗauki hoton turmin atamfa, hoton shi ne ainihin abin. Ranar da aka ɗauke shi, wayar da ta ɗauka, girmansa, sunan mai shi da lambar kayan da yake nunawa, waɗannan su ne metadata. Haka labarin da kamfani ya wallafa: rubutun daban, takensa da marubucinsa da ranar fitarsa da rukunin da aka sa shi daban.

Wanda ya taɓa aika kaya ta tashar mota ya san abin. Buhu a ɗinke yake, direba ba zai kwance shi ba, amma an rubuta a jikinsa sunan mai karɓa da garin da za shi da lambar waya. Rubutun ba ya ƙara wa geron da ke ciki auki, sai dai in ya goge ko aka rubuta ba daidai ba, buhun Gusau sai a sauke shi a Funtuwa.

Masana harkar adana bayanai sukan kasa ta gida uku. Akwai mai bayyana abu, kamar take da marubuci da batun da ake magana a kai. Akwai mai nuna tsari, wato yadda sassa ke haɗuwa: wannan hoton na wane kaya ne, wannan shafin a ƙarƙashin wane sashe yake. Akwai kuma ta gudanarwa, wadda ke cewa wa ya mallaki abin, wa ke da ikon gyara shi, yaushe wa'adinsa zai ƙare. Yawancin hayaniyar da ake yi a kan kashi na farko ce, amma kuɗin da kamfanoni ke asara ya fi fita ta na biyu da na uku.

Yadda aka zo nan

Ma'aikatan ɗakunan karatu ne suka fara wannan aiki da katunan da ke ɗauke da sunan littafi da marubuci da lambar kantar da yake. Da intanet ta fara cika da shafuka, sai aka yi wani taro a watan Maris na 1995 a garin Dublin na jihar Ohio a Amurka, inda masana ɗakunan karatu da na kwamfuta suka fitar da jerin gurabe da za a iya bayyana kowane abu da su. Tsarin ya ɗauki sunan Dublin Core, ya zauna a kan gurabe 15, kuma har yau jami'o'i da ma'ajiyoyin tarihi na amfani da shi.

A ɓangaren kasuwanci labarin ya bi wata hanya. Injinan bincike na farko, irin su AltaVista da Infoseek, sun ba masu shafi wani gurbi da ba ya fitowa a allo, su rubuta kalmomin da suke so a same su da su. Ba a daɗe ba aka lalata shi. Mai sayar da takalma sai ya cika gurbin da sunayen fitattun mutane da na abokan hamayyarsa da duk kalmar da jama'a ke yawan nema, domin kawai ya jawo baƙi. Injinan suka rage dogaro da shi, a watan Satumban 2009 kuma Google ya fito fili ya ce ba ya duba wannan gurbi ko kaɗan wajen jera shafuka. Duk da haka har gobe akan sami mai gina shafi yana karɓar kuɗi a kan cika shi.

Darasin da injinan suka ɗauka daga wannan shi ke tafiyar da al'amura har yanzu: suna karɓar bayanin da mai shafi ya bayar ne gwargwadon yadda za su iya auna shi da abin da ke bayyane a shafin.

Abin da na'ura ke karantawa a shafin shago

A ɗauki misalin mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari da ya buɗe shafin sayarwa. Kowane turmi yana da shafinsa. Mai saye yana ganin hoto da farashi da maɓallin saye, amma a bayan wannan akwai layukan rubutu da aka yi domin na'urori.

Na farko shi ne taken shafi, wanda ke fitowa a saman burauza, kuma shi ne yawanci shuɗin rubutun da ake dannawa a sakamakon bincike. Bayan ƙorafe-ƙorafen 2021, Google ya ce yana amfani da taken da mai shafi ya rubuta a kusan kashi 87 cikin ɗari na lokuta. Inda yake sauyawa shi ne idan taken ya yi tsawo ainun, ko an cusa masa kalmomi barkatai, ko kuma shafuka ɗari duk suna ɗauke da take iri ɗaya, misali sunan shagon kawai. Saboda haka sauyin bai kashe amfanin take ba. Taken da ya faɗi ainihin abin da ke shafin a taƙaice ya fi samun tsira.

Na biyu shi ne taƙaitaccen bayanin da ke fitowa ƙarƙashin take. Google ya daɗe da cewa ba ya cikin ma'aunin jera shafuka, kuma sau da yawa yakan ajiye shi ya ɗebo jimla daga cikin shafin. Amfaninsa a wurin ɗan Adam yake, domin shi mai nema ke karantawa kafin ya yanke shawarar dannawa.

Na uku ya fi shafar kasuwancin da ke gudana ta waya. A 2010 Facebook ya fito da tsarin Open Graph, wanda ke ba mai shafi damar cewa: idan aka raba adireshin nan, ga hoton da za a nuna, ga take, ga bayani. WhatsApp da Telegram da LinkedIn duk suna karanta shi. Idan mai shagon ya tura adireshin wani turmi cikin zauren abokan cinikinsa, kuma an cika waɗannan gurabe, sai saƙon ya fito da hoton atamfar da sunanta. Idan ba a cika ba, sai dogon shuɗin adireshi tsirara, ko tambarin shago da bai nuna komai ba. A inda mutane suka sha jin labarin 'yan damfara masu tura adireshi, da yawa ba za su taɓa irin wannan ba. Akwai kuma wani abu da ke ba masu shago haushi: manhajojin na ajiye kwafin abin da suka karanta na ɗan lokaci, don haka ko an sauya hoton a shafi, tsohon na iya ci gaba da fitowa. Facebook yana da wata kafa da mai shafi zai shiga ya nemi a sake karantawa.

Na huɗu shi ne bayanai masu tsari. Idan shafi ya nuna 18,500, ɗan Adam ya san farashi ne. Na'ura kuwa sai ta yi hasashe: farashi ne, ko adadin kaya, ko guntun lambar waya? Kuma naira ce ko sefa? A watan Yunin 2011 Google da Bing da Yahoo suka haɗu suka kafa Schema.org, ƙamus guda da kowa zai yi amfani da shi wajen cewa wannan kaya ne, ga sunansa, ga farashinsa, kuɗin NGN (naira) ne ko XOF (sefa), akwai shi a ƙasa ko ya ƙare. Yandex na Rasha ya shigo daga baya a wannan shekarar. Akwai gurabe na shago da adireshinsa da lokutan buɗewa, na guraben aiki, na taruka, na girke-girke. Hanyar rubuta su da Google ya fi ba da shawara ita ce JSON-LD, wadda hukumar W3C mai kula da ƙa'idojin intanet ta amince da ita a 2014. Da waɗannan ne farashi da taurarin yabo ke fitowa a sakamakon bincike tun kafin a shiga shafi.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Google bai yi alkawarin nuna su ba ko an rubuta daidai. Dole abin da aka gaya wa na'ura ya zama shi ne abin da mai saye ke gani. A 2019 ya daina nuna taurarin da kamfani ya tattara a kan kansa ya liƙa a shafinsa, kuma shafin da aka kama da bayanan ƙarya yana iya rasa wannan gata gaba ɗaya. Batun daidaito ya fi tsanani a inda farashi ba ya zama wuri ɗaya. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, mai shigo da kaya na iya sauya farashi sau da yawa cikin wata guda. Idan yaron shago ya gyara lambar da ke allo amma wadda ke ɓoye ta zauna yadda take, mai saye zai ga tsohon farashi a Google, ya shigo ya tarar da sabo, ya ɗauka yaudara ce. Masu tallan kaya ta Google Merchant Center kuma, wato kafar da 'yan kasuwa ke shigar wa Google jerin kayansu, ana iya dakatar da kayan nasu saboda wannan saɓani. Maganinsa na fasaha ne: a gina shafin ta yadda duka biyun za su ɗebo farashi daga gurbi ɗaya, kada a riƙa rubuta shi sau biyu.

Akwai wasu layuka biyu da ba su da farin jini amma ɓarnarsu ta fi ta kowa. Ɗaya shi ne canonical, da manyan injinan bincike suka amince da shi a Fabrairun 2009. Atamfa ɗaya na iya samun adireshi goma saboda launi da tsarin jeri da alamun talla da ake liƙa wa adireshi, sai wannan layi ya ce ga na asali. Ɗayan shi ne noindex, wanda ke cewa kada a sa shafin nan cikin sakamakon bincike. Masu gini kan kunna shi lokacin da aiki bai kammala ba, kuma a manhajar sarrafa shafi ta WordPress akwati ne guda da ake dannawa a sashen saituna. Idan aka ƙaddamar da shafi aka manta ba a kashe shi ba, shago zai yi watanni a buɗe ba wanda ke samunsa ta hanyar bincike, mai shi yana zargin kasuwa.

Sai batun harshe. Lambar Hausa a tsarin duniya ita ce ha. Shafukan Hausa da yawa an gina su ne a kan ƙirar da aka yi da Turanci, ba a sauya wannan lamba ba, don haka shafin na gaya wa na'ura cewa Turanci ne. Google ya ce shi daga rubutun da ke bayyane yake gane harshe, amma burauza da manhajojin da ke karanta wa makafi abin da ke allo suna duba lambar. Kamfanin da ke da shafi ɗaya cikin Hausa da Turanci da Faransanci, kamar mai ciniki tsakanin Kano da Maraɗi, yana buƙatar alamar hreflang da Google ya kawo a 2011, domin a kai kowa ga harshensa. Layin da ke cewa shafin na tsarin UTF-8 ne kuma shi ke hana ƙ da ɗ da ɓ rikiɗewa su koma akwatuna da alamun tambaya.

A cikin gida: inda ta fi yin aiki

Duk abin da aka ambata a sama yana fuskantar waje ne. Amfanin da ya fi girma yana cikin manhajar sarrafa shafi, inda ma'aikata ke shigar da kaya da labarai. WordPress, da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, yana ɗauke da sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya. Akwai kuma Drupal da Joomla da Shopify. A dukansu ba a ajiye shafi kamar takarda guda. Rubutu da hotuna suna cikin rumbun bayanai, sai an nemi shafi manhajar ta harhaɗa shi. Abin da ke gaya mata me za ta ɗauko shi ne metadata. Jerin sababbin kaya daga ranar shigarwa yake fitowa. Sashen kayan da suka yi kama da wannan daga rukuni da laƙabi yake fitowa. Tace kaya bisa launi ko yadi ko farashi ba ya yiwuwa sai an ba kowane ɗaya gurbinsa, ba a cakuɗa su cikin dogon bayani ba.

A nan ne matsala ke shigowa sannu a hankali. A ce ma'aikata uku ke shigar da kaya a shagon nan, kuma an bar kowa ya rubuta laƙabi yadda ya ga dama. Ɗaya ya rubuta shadda, ɗaya shedda, na uku ya sa sunan kamfanin da ya saƙa ta. A gurbin launi ɗaya ya rubuta baƙi, wanda wayarsa ba ta da harafi mai lanƙwasa ya rubuta baki, wani ya rubuta bak'i. A wurin manhaja waɗannan launuka uku ne. Mai sayen da ta zaɓi baƙi za ta ga kaya goma sha biyu, alhali talatin ne a ƙasa, ta fita ta tafi wani shafin. Ba wanda zai kawo ƙorafi, domin ba ta san abin da ba a nuna mata ba, mai shago kuma yana ganin kayansa cif a rumbu. Wannan ya sa masana ke nanata a tsayar da jerin kalmomi guda, ma'aikaci ya zaɓa daga ciki maimakon ya rubuta, sannan a koya wa akwatin binciken shafin cewa sauran rubuce-rubucen duk abu ɗaya suke nufi, tunda mai saye zai rubuta yadda ya saba ne.

Lambar kaya ma haka take. Kowane kaya na buƙatar lamba guda ta cikin gida da ba ta sauyawa ko an sauya masa suna, domin ita ke haɗa shafi da littafin ajiya da rasit. Kayan masana'anta kuma suna da lambar duniya da ke ƙarƙashin zanen layukan nan da ake haskawa a wurin biya, tsarin da aka fara amfani da shi a wani kanti a Ohio a 1974, kuma ƙungiyar GS1 ke kula da shi. Lambobin da aka yi wa rajista a Najeriya suna farawa da 615, ko da yake hakan na nuna inda aka yi rajista ne, ba lallai inda aka ƙera kayan ba. Da wannan lamba manyan kasuwannin intanet ke gane cewa shaguna biyar abu ɗaya suke sayarwa, su jera farashinsu gefe da gefe.

Metadata ta gudanarwa ita ke amsa tambayoyin da kan taso bayan shekara biyu. Wa ya rubuta wannan shafi na ƙa'idar mayar da kaya, wa ya amince da shi, yaushe aka duba shi na ƙarshe? Hoton nan namu ne ko an saye shi na wa'adi? Rangwamen Sallah da har yanzu ke shafin farko bayan wata biyu alama ce ta cewa ba a sa masa ranar sauka ba. A bankuna da kamfanonin inshora da na magani, inda tsohon bayani kan jawo shari'a, waɗannan gurabe su ne hujjar abin da shafi ya ce a wata rana.

Tsarin da ke yaɗuwa yanzu shi ne a raba rumbun da fuskar shafi, kamar yadda manhajojin Contentful da Strapi ke yi, ta yadda kaya ɗaya da aka shigar sau ɗaya zai fito a shafi da manhajar waya da kundin talla. Wannan yana tafiya ne kawai idan gurabe a tsare suke. Ranar ƙaura daga wata manhaja zuwa wata ma ita ke tona asirin yadda aka riƙe su: bayanan hotuna kan ɓace, ranakun wallafa su koma ranar ƙaura, tsofaffin adireshin da ba a tura su zuwa sababbi ba su mutu tare da duk wanda ya ajiye su.

Yawaita gurabe kuma ba shi ne gyara ba. Ma'aikacin da aka tilasta wa cika gurbi arba'in kafin ya shigar da turmi ɗaya zai fara sa ɗigo ko kwafo na jiya don ya wuce, bayanin banza kuwa ya fi gurbin da aka bari fayau illa, saboda manhaja za ta ɗauke shi da gaske.

Inda masana suka saɓa

Saɓanin ya girmi ƙirƙirarriyar basira. A 2001 Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan intanet, tare da wasu abokan aiki biyu suka bayyana burin intanet da kowane bayani zai zo da ma'anarsa a rubuce, har na'urori su riƙa yi wa mutane hidima a tsakaninsu. A wannan shekarar marubuci Cory Doctorow ya fitar da wata maƙala yana cewa burin ba zai cika ba, kuma cikin dalilansa akwai cewa mutane na ƙarya, mutane na da kasala, kuma ba su yarda da hanya ɗaya ta bayyana abu ba. Abin da ya biyo baya ya ba kowanne rabin gaskiya. Babban burin bai tabbata yadda aka zana shi ba, amma ƙaramin sashensa ya kafu daram a inda kuɗi ke ciki kuma ake iya kama maƙaryaci, wato farashi da kaya da guraben aiki.

Masu cewa an wuce wurin a yau suna da hujja. Google da kansa ya ce babu wata alama ta musamman da ake buƙata kafin shafi ya fito cikin amsoshin ƙirƙirarriyar basira. Abin da ya faru da jerin tambayoyi a 2023 ya nuna cewa wanda ya gina lissafinsa a kan wani ado na sakamakon bincike yana iya wayar gari an janye shi. Wasu masu wallafa labarai ma suna ganin cewa tsara bayani tsaf yana sauƙaƙa wa manyan kamfanoni su ba da amsa a dandalinsu, mai nema ya gamsu bai shigo shafin da ya yi wahalar ba.

Ɗaya ɓangaren na cewa na'ura na iya fahimtar jimla, amma ba za ta iya sanin ko turmi nawa ya rage a ƙasa yau ba, ko wa ke da haƙƙin hoto, ko wanne ne sabo cikin takardu biyu masu kama da juna, sai an gaya mata. Kamfanonin da ke ɗora mataimaki na ƙirƙirarriyar basira a kan takardunsu suna cin karo da wannan: in ba kwanan wata da matsayin takarda, mataimakin na iya ɗauko ƙa'idar da aka soke ya ba abokin ciniki. Game da barin na'ura ta riƙa liƙa laƙabi da kanta, tana rage aiki sosai, sai dai ta fi ƙwarewa a harsuna da kayayyakin da suka cika intanet, don haka bambance atamfa da leshi da shadda cikin Hausa har yanzu yana son idon mutum ya bi baya.

Idan aka auna hujjojin, da'awar cewa metadata na ɗaga shafi sama da na abokan hamayya ita ce mafi rauni. Da'awar cewa tana sa a nuna kaya daidai, a same su a cikin shafi, a kuma iya riƙe su tsawon shekaru, ita ce ba a iya rushewa ba.

Abin da ke bin hoto da takarda

Akwai metadata da ba wanda ya rubuta da gangan. Wayoyi da kyamarori na saka bayanan EXIF cikin hoto, har da wurin da aka ɗauka idan an kunna na'urar gano wuri. A Disambar 2012 mujallar Vice ta wallafa hoton John McAfee, attajirin manhajar kariyar kwamfuta da 'yan sandan Belize ke nema domin yi masa tambayoyi, sai bayanan hoton suka nuna yana Guwatemala. A 2003 ma wata takardar gwamnatin Birtaniya kan Iraƙi da aka saki a tsarin Word ta fito da sunayen jami'an da suka taɓa ta.

Wannan ya shafi matar da ke sayar da turare ko kayan kicin daga gidanta. Facebook da Instagram na cire waɗannan bayanai daga kwafin da jama'a ke gani, amma shafin da mutum ya gina wa kansa ba lallai ya cire ba, haka hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin fayil yana tafiya da nasa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023, kamar ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, tana lissafa bayanin wurin da mutum yake cikin bayanan sirri, don haka shafin da ke karɓar hotuna daga abokan ciniki yana da alhaki a kansu.

Goge komai da komai ma yana da nasa lahani. A cikin hoton ne ake rubuta sunan mai ɗauka da haƙƙin mallaka bisa tsarin IPTC, wanda Google ke nunawa a binciken hotuna tun 2018. Kuma yanzu Google na buƙatar hotunan kaya da aka ƙirƙira da na'ura su riƙe alamar da ke nuna haka, yayin da gamayyar C2PA da Adobe da Microsoft da BBC da wasu suka kafa a 2021 ke gina tsarin nuna asalin hoto. Abin da ake so shi ne a cire wuri, a bar mallaka da asali.

Yadda abin zai shafi jama'a

Ga mai saye, farashi da taurarin da ke fitowa a sakamakon bincike daga bakin mai shago suka fito, na'ura ta ɗauko ne a wata rana da ta wuce. Abin dogaro shi ne wanda ke shafin a lokacin biya. Kwanan watan da ke jikin labari ma mai shafi ne ke sa shi, kuma akwai masu sabunta shi ba tare da sun taɓa rubutun ba.

Ga makafi da masu raunin gani, bayanin da ake rubuta wa kowane hoto shi ne hoton. In babu shi, manhajar karatu kan furta sunan fayil ne, jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana. A Tarayyar Turai wannan ya fita daga sahun kyautatawa tun 28 ga Yunin 2025, lokacin da dokar sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman ta fara aiki a kan shafukan sayarwa, tare da sassauci ga ƙananan kamfanoni sosai. Mai fitar da kaya da ke sayar wa mutanen can kai tsaye ta shafinsa yana iya shiga ƙarƙashinta. Bayanin hoton yana kuma amfanar mai raunin sabis, domin shi ke fitowa a gurbin hoton da ya ƙi buɗewa.

Ga ƙaramin ɗan kasuwa, yawancin aikin ba ya buƙatar sabon kashe kuɗi. Manhajojin shago irin su Shopify da WooCommerce suna fitar da bayanan kaya masu tsari da kansu, ƙarin manhajojin da ke taimakawa wajen cika gurabe irin su Yoast da Rank Math na da nau'in kyauta, kuma Google na da kafar gwaji da Search Console da ke nuna kurakurai ba tare da biya ba. Abin da ba ya zuwa kyauta shi ne mutum guda da aka ɗora wa alhakin jerin kalmomi da bin gurabe, domin a kamfanoni da yawa mai gini yana ganin aikin masu talla ne, masu talla na ganin na mai gini ne. Wanda aka zo wa da tayin gyaran metadata yana da damar tambaya wane gurbi za a taɓa, me zai sauya a allo, kuma da me za a auna. Kafin a sallami mai gini kuma, ya kamata yarjejeniya ta fayyace cewa asusun Search Console da sunan mai shago yake, kuma ana iya fitar da kaya duka tare da gurabensu cikin fayil guda duk ranar da aka so sauya manhaja.